Hubusin Bompai: Jawabin Sakataren Gidauniya a Taron Shekara-shekara

  



Ma'aji ya riga ya karanta lissafin shiga da fita, kuma alƙaluman suna nan a rahoton da ke hannunku, saboda haka ba za mu maimaita su ba. Abin da amintattu suka ɗora mana shi ne bayanin aiki guda ɗaya, wanda ya fi kowanne jawo tambayoyi a bana, wato mayar da tsohuwar masana'antar man gyaɗa da aka ba mu hubusi a Bompai ta zama ofisoshin haya. Mun san maganar da ake yi a bakin masallatai. An ce gidauniya ta karɓi kuɗin mutane ta je ta yi ginin ƙasa a tsakiyar rukunin masana'antu. Wani dattijo da muke ganin girmansa ya tare mu bayan sallar Juma'a, ya tambaye mu ko siminti ne ya ƙare a Kano. Tambayarsa tana bisa hanya, domin dukiyar marayu ce a ƙarƙashinta. A ƙarshen wannan bayani kuma akwai wata buƙata mai ɗaci da za mu gabatar muku, wadda ba ma son ku amince da ita sai kun ji dalili.

Manyanmu da ke zaune a nan sun san Bompai lokacin da take da rai. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama jigon arzikin garin nan, har dalar gyaɗa ta zama tambarinsa. A kan wannan arziki ne aka kafa masana'antu a Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa suka biyo. Sai fari na farkon shekarun 1970 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo bayansa, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, ƙarancin wutar lantarki da kayan fasa-ƙwauri suka ƙarasa abin da ya rage. Wanda ya zaga unguwannin nan yau zai ga ƙofofi a garƙame, kamar yadda wanda ya je Kakuri a Kaduna zai ga masaƙu sun yi shiru. Masana'antar da muke magana a kanta tana cikin waɗannan. Mai ita ya rasu, Allah Ya jiƙansa, magada suka haɗu suka yarda a tsayar da ita hubusi a madadinsa, bisa sharaɗin kada a sayar, kuma abin da ta samar ya tafi ga karatun marayu da maganin marasa lafiya mabuƙata. Sun nemi kada a ambaci sunansu, mun kuwa kiyaye.

Ranar da muka fara shiga, jemagu da tantabaru ne suka tarbe mu. 'Yan jari-bola sun kwashe tagogi da wayoyin wuta. Tumfafiya ta fito ta tsagar daɓe. Ƙasan wajen injuna ya jiƙe da tsohon mai, ya yi baƙi ƙirin. Amma injiniyan da muka ɗauka ya ɗaga kai ya nuna mana abin da idonmu bai gani ba: ginshiƙan ƙarfe suna tsaye ƙyam, tsatsar da ke jikinsu ta sama-sama ce, rufin yana da tsawon da zai ɗauki bene ɗaya a ƙarƙashinsa, kankaren ƙasa kuma an zuba shi ne don ɗaukar injuna masu nauyi, don haka nauyin bango ba zai dame shi ba. Abin da ya fi tsada a kowane gini, wato harsashi da ginshiƙai da rufi, marigayin ya riga ya biya kuɗinsa shekaru da dama da suka wuce.

Shawarar farko da ta zo gaban amintattu ita ce a sayar da wurin a sayi shaguna a kasuwa, inda haya take da tabbas. Shawara ce ta masu hankali, kuma akwai malaman da suka halatta musanya hubusi da wani idan amfaninsa ya yanke, musamman a mazhabar Hanafiyya da Hambaliyya. Sai dai mashhurin zance a mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ɗalibai suka karanta a Risala da Muhtasar, shi ne ba a sayar da hubusin gida ko fili ko da ya lalace, in ban da inda ake buƙatarsa don faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanya ko maƙabarta. Tsananin nan yana da hikima. Duk wanda ya bi tarihin hubusi a ƙasashen Musulmi ya san cewa ta ƙofar musanya ne dukiyoyi masu yawa suka sulale, a kira gida mai kyau kango, a sayar wa na kusa da araha. Ga kuma sharaɗin magada a rubuce. Kwamitin malamanmu ya rufe wannan ƙofa, sai dai ya ba da izinin sayar da matattun injunan, tun da su kaya ne masu ɗaukuwa da amfaninsu ya ƙare, bisa sharaɗin kuɗin ya koma cikin ginin. Da shi aka fara gyaran rufi.

Asalin wannan babi kuwa sananne ne. Lokacin da Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya sami gona a Khaibar, ya nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai aka nuna masa ya tsare asalin gonar ya yi sadaka da amfaninta. Ke nan aikin mai kula da hubusi, wanda malamai ke kira naziri, biyu ne: ya tsare asali, ya kuma sa shi ya haifar da amfani. Wanda ya garƙame kango ya sa maigadi ya yi rabin aikin ne kawai. Magabata ba su ga aibu ba wajen sa hubusi ya yi kasuwanci. Bayan buɗe Istanbul a 1453, Sarki Muhammadu al-Fatih ya gina kasuwa wadda hayarta ke tafiya ga hidimar masallacin Aya Sofiya, kuma ita ce tushen babbar kasuwar birnin ta yau. A Alƙahira, masaukin fatake da Sarki al-Ghuri ya gina a farkon ƙarni na 16 yana nan tsaye, an yi shi ne don kuɗin hayarsa ya ciyar da hubusinsa. Ofishin haya na zamaninmu jikan wannan masauki ne.

Me ya sa ofisoshi, ba a bar shi sito ba? Domin sitoci sun yi yawa a Bompai, hayarsu ba ta taka kara ta karya ba, kuma manyan motocin kaya suna cin gini. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin aiki mai tsabta da sanyi da wuta tsayayya, ga akantoci da lauyoyi da dillalan sufuri da samarin da sana'arsu ke kan kwamfuta. Mun nemi izinin sauya manufar filin daga hukumomin ƙasa da tsara birni, muka bi ƙa'ida har aka ba mu. Muna kuma so kowa ya ji wannan da kunnensa: ko kwabo na zakka bai shiga aikin nan ba. Zakka tana da masu ita guda 8 da Allah Ya ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma bango ba ya cikinsu. Asusunta daban yake, littafinta daban. An yi aikin ne da kuɗin injunan da aka sayar, da hubusin kuɗi da wasunku suka bayar musamman dominsa, da rance marar ruwa daga wasu bayin Allah biyu. Ba mu je banki mun ci bashin ruwa ba.

Yanzu ga maganar ƙasa.

Wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu a Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san ba wurin zama ba ne. Da mun yanka ɗakuna da bulon siminti mai rami, mun yi silin, mun shafa fenti, da aikin ya ƙare da wuri, amma da kowane ɗaki sai na'urar sanyaya ɗaki ta yini tana aiki kafin mutum ya iya zama. Wa zai biya kuɗin wutar? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A zuwa naira 225 kan kowane ma'auni a watan Afrilun 2024, kuɗin wuta da na janareto ya zama shi ne hayar gaskiya, abin da ake ba mai gida kuwa ragowa ce. Ɗan hayar da wuta ta cinye ribarsa zai nemi ragi, ko ya tashi. Mai gina plaza don ya sayar yana lissafin ranar buɗewa ne. Mu kuwa hubusi ba shi da ranar sayarwa, dole lissafinmu ya kai shekara 50, har zuwa lokacin da babu ɗayanmu a raye.

Bangon ƙasa mai kauri yana da wata ɗabi'a da kakanninmu suka sani tun kafin a ba ta suna a jami'a. Yana shan zafin rana a hankali, ba ya barinsa ya ratsa zuwa ciki sai bayan sa'o'i, lokacin da rana ta yi sanyi, ma'aikata sun tashi. Da dare kuma, idan aka bar iska ta ratsa, sai ya saki zafin ya wayi gari da sanyi. Wannan ya fi aiki a ƙasa irin tamu, inda iska ke da bushewa mafi yawan shekara, kuma tsakanin zafin rana da sanyin asuba akwai tazara. Shi ya sa soron kakanka a cikin birni ya fi falon ɗanka a sabuwar unguwa daɗin zama da azahar.

To me ya kori mutane daga ginin ƙasa? Ruwa. Ruwan sama yana cin sa daga sama, danshi yana cin sa daga ƙasa, kowace shekara sai an yi yaɓe, idan aka yi sakaci a watan Agusta sai a ji bango ya faɗa wa mutane. Tsoron nan gaskiya ne, kuma da yawanmu mun yi jana'izar da ta samo asali daga gare shi. Amma ku dubi abin da Allah Ya haɗa mana a Bompai. Rufin masana'antar yana sama, ya rufe komai, ruwan sama ba ya taɓa bango. Kankaren injuna yana ƙasa, mun kuma ɗora layi biyu na bulon siminti da shimfiɗar hana danshi kafin a fara jera na ƙasa. Abokan gaban ginin ƙasa guda biyu, tsohuwar masana'anta ta riga ta tare mana su. Abin da muka yi shi ne gina ƙananan ɗakuna na ƙasa a cikin babbar rumfar ƙarfe, muka bar sarari tsakanin saman ɗakunan da kwano, muka buɗe ƙofofin iska a ƙololuwar rufi, zafin da kwano ya tara ya riƙa fita ta sama. Ƙarfe ke ɗauke da nauyin rufi da bene, ƙasa kuwa aikinta raba ɗakuna da tsare sanyi.

Ba mu muka ƙago dabarar ba. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin don iska ta ratsa tsakani. Aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 2004, shi kuma ya karɓi lambar Pritzker a 2022, wadda ita ce mafi girma a fagen zanen gine-gine, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Kusa da mu, a Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci da matsattsen bulon ƙasa a gefensa. A jihar nan ta Tawa kuma akwai masallacin Yama, wanda magini Falke Barmu ya gina, ya sami lambar Aga Khan tun 1986. A gida kuwa, masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da bakan gizonsa da azararsa, masana daga ƙasashen duniya sun sha zuwa kallonsa. Abin takaici ne a ce baƙo ya hau jirgi ya zo ganin abin da mu muke jin kunyar a gan mu a cikinsa.

Duk da haka ba mu nemi amintattu su yarda da hotuna ba. Mun gina ɗakuna biyu na gwaji a ƙarƙashin rufin, girmansu ɗaya, ɗaya na bulon siminti ɗaya na ƙasa, muka gayyace su da ƙarfe 2 na rana a tsakiyar bazara. Dattijon cikinsu da ya fi kowa adawa da shawarar ya shiga na farko ya fito yana fifita da hularsa, ya shiga na biyu ya nemi a kawo masa kujera. A nan muhawarar ta ƙare. Gani ya kori ji.

Bulon da muka yi amfani da shi ya bambanta da tubalin gargajiya da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana. Jar ƙasa ce ake tankaɗewa, a gauraya ta da siminti kaɗan, abin da bai wuce kashi 5 zuwa 8 cikin 100 ba, a yayyafa ruwa daidai yadda za ta dunƙule a hannu ba tare da ta jiƙa tafi ba, sannan a matse ta a injin hannu. Irin wannan inji an fara ƙera shi ne a ƙasar Kolombiya a shekarun 1950, kuma Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana aiki a kan irinsa. Bulon yana fitowa da kaifin gefe, launinsa ja mai kyau, ba ya buƙatar filasta ko fenti. Mun haɗa injiniya da wani tsohon magini daga cikin birni, kuma da farko ba su jitu ba. Injiniya yana zuba ƙasa a kwalba da ruwa, ya girgiza, ya jira ta kwanta don ya auna yawan yashi da yumɓu. Tsoho kuwa yana damtsa ta, ya murza, ya sansana. Da suka ga hukuncinsu yana zuwa ɗaya a kan kowace tifa, sai suka koma shan shayi tare.

A tsakiyar ginin mun cire wani sashe na rufi, muka yi tsakar gida, don haske da iska su kai ga ɗakunan ciki, muka dasa bishiyoyi biyu. Bangayen da ke fuskantar wannan fili su kaɗai ruwa ke iya taɓawa, saboda haka aka zurara musu baki, aka shafe su da laso, wato haɗin katsi na marina da gashin jima da ruwan dafara, kamar yadda ake yi wa gidajen sarauta. Daɓen ɗan masallacin da ke ciki an yi shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa. Ƙofofi na katakon darbejiya ne, wanda gara ba ta cika so ba, labulen tagogi kuma asabari ne. Silin zauren karɓar baƙi na azara ne, an jera ta yadda magina ke jerawa. A nan akwai abin da ya sosa mana rai. Giginya tana shekaru masu yawa kafin ta isa a fasa ta a yi azara, kuma ta yi ƙaranci, don haka ba mu yarda a sare mana sabuwa ba. Azarar da kuka gani mun saye ta ne daga tsofaffin gidajen cikin birni da ake rushewa don a yi na siminti, wadda da ba mu saya ba da ta tafi murhu. Ta fi wasunmu shekaru, kuma ƙusa da ƙyar take shigarta.

Ba ko'ina muka sa ƙasa ba, kuma ba ma son a fita da labarin cewa ƙasa maganin komai ce. Banɗakuna da wurin alwala da matakala duk siminti ne da tayil, domin inda ruwa ke zuba kullum ba wurin ƙasa ba ne. Wayoyin wuta suna cikin bututu a fili inda za a iya duba su. An fitar da ƙofofin gudun gobara guda biyu. Wani sashe na tsohon rufin na asbestos ne, wanda ƙurarsa ke jawo mummunar cutar huhu bayan shekaru, sai da aka jiƙa shi, aka sauke shi ɗai-ɗai ba tare da fasawa ba, ma'aikata na sanye da abin rufe hanci. Muna roƙon kwamitocin da ke da irin wannan rufi a tsofaffin makarantu da masallatai kada su bari yara su farfasa shi. Kankaren da mai ya jiƙa kuwa sai da aka kankare shi aka sake zuba wani a kai. Farantan sola da ke kan rufi an ɗora su ne bayan injiniya ya auna ƙarfin ƙarafan, su ke ba da fitila da fanka da wutar kwamfuta. Ɗakuna kaɗan ne aka sa wa na'urar sanyaya ɗaki, inda 'yan haya ke ajiye injunan da ba sa son zafi.

Sai kuskurenmu, wanda ba za mu ɓoye muku ba. Bulon da aka sa wa siminti yana buƙatar a lulluɓe shi, a riƙa ba shi ruwa, ya yi kusan mako 4 kafin a yi gini da shi. Mu kuwa a ofishin sakatare mun ƙwallafa rai a kan a gama sashen farko kafin azumi, don masu bayar da gudummawa su zo su gani lokacin da hannu ya fi sakuwa. Tsohon magini ya ce a jira. Injiniya ya rubuto cewa a jira. Muka matsa. Lokacin hunturu ne, iska ta busar da bulon kafin ya ƙulla ƙarfi, ga kuma wasu tifofi da aka karɓa daga wani rami daban ba tare da gwaji ba, yumɓunsu ya yi yawa. Kafin wata biyu bangaye uku suka tsage, gefen bulo yana marmashewa a hannu. Dole aka rushe su. Hukuncin shari'a a nan a fili yake: naziri amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace ba da laifinsa ba, amma idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, to ya lamunta. Kwamitin malamai ya zauna ya ce wannan sakaci ne, tun da masana sun yi gargaɗi an ƙi ji. Mu da muka sa hannu a kan umarnin mun biya kuɗin siminti da na leburori daga aljihunmu, rasit ɗin yana wurin ma'aji ga mai son gani. Ƙasar kuwa ba ta yi asara ba, an farfasa ta an yi ciko da ita. Muna neman gafarar Allah, muna kuma neman afuwarku.

Game da tsada, wasu sun gaya mana tun farko cewa ginin ƙasa rabin kuɗi ne. Ba haka muka samu ba. An sami sauƙi a siminti da filasta da fenti, amma aikin hannu ya fi yawa, lokaci ya fi tsawo, ƙwararrun magina kuma sun yi ƙaranci. Idan aka haɗa duka, ragin da aka samu a wajen gini matsakaici ne. Babban sauƙin yana cikin kuɗin wuta na kowane wata, wanda shi ya sa ɗakunan suka cika da 'yan haya ba tare da mun yi talla ba. Wani abin da ya faranta mana rai shi ne inda kuɗin ya tafi. Kaso mai yawa ya shiga hannun masu haƙar ƙasa da masu tankaɗe da masu saƙar asabari da marina. Wasu samari daga cikin marayun da gidauniya ta yi wa hidimar karatu sun koyi buga bulo da jera shi a wurin, har an fara kiransu aiki a wasu wurare. A yarjejeniyar haya kuma mun rubuta cewa ba a ba mai harkar riba ko caca ɗaki, ba a kuma yin haya mai tsawon da za ta sa ɗan haya ya fara ganin wurin kamar gadonsa.

Ga buƙatar da muka ce za mu kawo. A taron bara mun yi alkawarin cewa da zarar haya ta fara shigowa, za a raba ta gaba ɗaya ga kwamitoci don kuɗin makarantar marayu da magani. Mun yi gaggawar wannan alkawari. Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa abin da ake fara cirewa daga amfanin hubusi shi ne kuɗin gyaransa, kafin a ba waɗanda aka yi dominsu, ko da mai hubusin bai shardanta haka ba, domin idan asali ya mutu rabon kowa ya mutu. Gininmu kuwa rayuwarsa tana rataye da rufi. Idan kwano ɗaya ya huje, ko indararo ya toshe da ganye, ruwa ya sami bangon ƙasa a damina ɗaya, ɓarnar za ta fi ta bangon siminti. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙarafan suna son fenti lokaci-lokaci, laso yana son sabuntawa, batiran sola suna da wa'adi, ga rancen bayin Allah biyu da ba mu gama biya ba.

Saboda haka amintattu suna neman amincewarku a riƙa ware kashi 20 cikin 100 na hayar kowace shekara a asusun gyara na musamman, wanda ba za a taɓa shi ba sai da sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu wakilin kwamitocin masallatai da za ku zaɓa yau. Mun san abin da wannan ke nufi. Yana nufin jerin sunayen da kowane kwamiti ya kawo ba zai samu shiga gaba ɗaya a bana ba. Yana nufin akwai uwar marayu da liman ya riga ya yi wa albishir, wadda zai koma ya ce mata ta ƙara haƙuri. Ku ne za ku kalli idonta, mu muna ofis. Ba mu ɗauki wannan da sauƙi ba. Abin da za mu iya yi shi ne, duk yaron da ya cancanci zakka a cikin waɗanda ba su shiga ba, za a duba shi a asusun zakka ta hannun waliyyinsa, kuma muna roƙon masu hali da ke cikin zauren nan su ɗauki nauyin ragowar na wannan shekara kaɗai. Takardar sunayen, ba tare da bayyana gidajensu ba, tana wurin ma'aji.

Akwai kuma roƙo ga kwamitoci. Kusan kowace unguwa tana da wani kango da aka ce na masallaci ne: tsohon injin niƙa, gareji, sito, shagon da rufinsa ya rufta. Da yawa babu takarda, shaidun da suka san zancen suna ta rasuwa. Muna roƙon kowane kwamiti ya rubuto mana abin da ke hannunsa kafin ƙarshen watan Muharram, da sunan wanda ya bayar da sharaɗin da ya gindaya, ko da a bakin dattawa aka ji. Kada a rushe komai, kada kuma a yi alkawarin sayarwa, sai injiniya ya duba. Ba kowane kango ne zai zama ofis ba, wani ma rushewar ce alheri, amma a bari masana su faɗa.

Bayan sallar azahar za a kaɗa ƙuri'a a kan kashi 20 ɗin, a kuma zaɓi wakilin kwamitoci. Motoci biyu suna bakin ƙofa ga masu son zuwa Bompai kafin la'asar, kuma mun zaɓi wannan lokaci da gangan, don ku shiga ɗakunan rana tana tsaka. Wanda ya je, muna roƙonsa ya ɗaga kai ya duba mana indararo da mahaɗar kwano, ya gaya mana abin da ya gani, domin damina ta kusa.

Allah Ya jiƙan wanda ya bar wannan wuri, Ya saka wa magadansa da alheri, Ya karɓa daga gare ku.